Yadda Nababa Ya Koya wa Inji Ladabi

Ranar Laraba da la'asar, bayan an gama yankan dawa, Zachariah ya shigo Unguwar Gamji da motar da ya saya a Dawanau. A-kori-kura ce fara, ko dai ta taɓa zama fara, ta daɗe tana jigilar buhunan wake kafin ta zo hannunsa. Tana tashi, tana tafiya, tana kuma tsayawa idan an taka birki sau biyu. Aibinta ɗaya ne. Idan ta zo hawa sai injin ya riƙa ƙwas-ƙwas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, in an kashe makulli kuma sai ta ƙara 'yar karkarwa kafin ta yi shiru. Basiru, bakaniken Bagwai, ya saurare ta a hanya ya ce taimin ne ya ɗan goce, wato wuta tana isa ga fulogai kafin lokacinta. Ya ce a kawo masa ita Juma'a da safe, ba aikin da zai hana mutum zuwa masallaci ba ne.

Duk garin babu wanda ya kai Dokas murna, matar Zachariah, shugabar zumuntar mata ta cocin ƙauyen. Ranar Asabar za a yi babban taron zumunta na yankin, da gasar waƙa. Kowace shekara a tifar yashi ta mijin Charity suke zuwa, ita Charity shugabar matan Tsaunin Ƙirya. Charity takan zauna gaba kusa da direba, su Dokas a baya kan ragowar yashi, in an isa kuma ta ɗaga murya ta ce, "A kawo tsintsiya a karkaɗe mana baƙinmu." Bara Dokas ta sauko da yashi har cikin kunne, ta ɗaga hannu sama a gaban jama'a ta ce ita da tifar nan har abada.

Ana cikin zagaya motar sai ga Nababa, mai injin niƙa, maƙwabcin Zachariah ta gabas. Nababa ya taɓa yin rani guda a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, kuma babu hirar da za a yi bai ambaci wannan ba. Abin da ba ya ambata shi ne rake ya sayar a can.

Ya sa Zachariah ya tayar da motar, ya kara kunne a jikin bonet, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Baban Joel, kada ka kai ta Bagwai," in ji shi. "Basiru yaro ne, da ido yake aiki. Taimin kuwa kunne ne. Ni injina na niƙa daga banɗaki nake sanin ko gero yake ci ko masara."

"Shi ya sa jiya ya ci mini ɗankwali kana banɗakin," in ji Kulu matarsa, daga bayan danga.

Nababa bai waiwaya ba. Ya riga ya hango abin da ya fi ɗankwali. Ya nuna gindin tsamiyar bakin hanya ya ce a nan zai kafa gareji. Da zarar an ji shi ya gyara motar nan, duk motar da ta taso daga Makoda za ta Dawanau sai ta tsaya ya saurare ta. Za a rubuta allo, Injiniya Nababa. Kulu za ta riƙa sayar wa direbobi shinkafa da wake.

Zachariah mutum ne da bai iya ce wa maƙwabci a'a ba, balle maƙwabcin da ke niƙa masa hatsi. Ya duba hagu da dama, ya ga Dokas ta tafi koyon waƙa.

"To, dubawa kawai, Malam Nababa," ya ce.

"Dubawa kawai. Hannuna ma a aljihu."

Alhamis da hantsi Nababa ya zo da sifana ɗaya, da filaya, da roba cike da ruwan sabulu. Ƙarfen da ke tokare bonet ya daɗe da ɓacewa, saboda haka ya aika aka ɗauko taɓaryar Kulu ya tokare da ita. Mutane suka taru. A gaba-gaba akwai Baba Shago, tsohon manomi mai shanun huɗa biyu, wanda ke nan kan al'adar kakanni, ba ya zuwa coci ba ya zuwa masallaci, don haka yana da lokacin kallon aikin kowa.

A gefen injin akwai wani abu kamar 'yar baƙar tukunya mai murfi, ana ce masa distiribita, shi ne mai raba wuta. Wayoyi huɗu masu kauri sun fita daga bakin murfin, kowace ta tafi ga fuloginta. Nababa ya ɗora yatsa kan ta farko, ya bi ta, ta kai shi fulogi na ɗaya. Ya gyaɗa kai. Ya bi mai bi mata, sai ta tsallake na biyu ta sauka kan na uku. Ya tsaya. Ya bi ta gaba, ta je na huɗu. Ta ƙarshe ce ta dawo wa na biyu.

Ya miƙe ya yi salati.

"Baban Joel, zo ka ga rashin tarbiyya. Na uku yana cin wuta kafin na biyu. Na huɗu ma, auta guda, yana riga shi. Na biyu sai abin da aka rage. Yaya inji ba zai yi ƙwas-ƙwas ba? Ai kuka yake yi. Kai a gidanka in an kawo fura, ƙane ne ke fara sha kafin wa?"

"A'a," in ji Zachariah.

"A gidana wanda ya fi kusa da ƙwaryar ne," in ji Baba Shago.

"Shi ya sa ba ka da mota, Baba."

"Kai nawa gare ka?"

Nababa ya ce ba ya jayayya da wanda bai taɓa taka Ƙofar Ruwa ba. Ya fizge wayoyin huɗu gaba ɗaya, ya wanke su tas da sabulu, ya shanya a kan danga. Da suka bushe ya mayar da su bisa girma, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana yi wa kowace nasiha yana cusa ta. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce wallahi yanzu sun fi kyan gani, ba su harɗe ba.

Kafin a tayar, Nababa ya ce sai ya tabbatar wuta tana zuwa. Ya zare waya ɗaya ya riƙe bakinta da yatsu, ɗaya hannun ya dafa ƙarfen motar, ya ce wa Zachariah ya murɗa makulli.

Wutar tana zuwa. Nababa ya yi wata ƙara da ba a san da ita a bakin namiji ba, ya yi tsalle, ƙeyarsa ta daki bonet, taɓarya ta goce, bonet ya rufo ya kama masa riga. Hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Da aka ɓanɓare shi ya tsaya yana yarfe hannu, idanunsa suna ruwa.

"Lafiyayyar wuta," ya ce. "Haka manya suke gwadawa."

"Ƙara gwadawa, ban gani sosai ba," in ji Baba Shago.

Zachariah ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya yi atishawa, bai tashi ba. Aka yi ta murɗawa har batir ya koma nishi, daga nan ya yi shiru. Nababa ya ce wannan alama ce mai kyau: inji ya saba da rashin kunya, dole ya yi gardama a ranar farko. Turawa kawai yake so.

Maza suka tuɓe riguna suka kama tura mota ta hanyar rafi, Zachariah a sitiyari, Nababa yana gudu a gefe yana ba da umarni. Da ta ɗauki gudu ya yi ihu, "Saki kuloci!"

Motar ta yi tsalle, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan salansarta ta saki wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin randa. Masu turi suka zube ƙasa. Kajin unguwar suka haye rufin ɗakuna. Jakin mai unguwa ya tsinke igiya ya nufi Bagwai. Kafin hayaƙi ya washe sai ga Sha'aban, shugaban 'yan sintiri, ya fito daga cikin karan dawa da bindigarsa harba-ka-ruga, wando a hannu ɗaya, yana tambayar ta ina suka ɓullo. Bai jira amsa ba ya harba sama don su san garin da maza. Motar, wadda ke gangarawa a hankali har yanzu, ta amsa masa. Sha'aban ya kwanta a kwari ya ce kowa ya kwanta, suna da yawa.

A bakin rafi motar ta tsaya. Sai da aka sake turo ta zuwa gida, wannan karon a hawa, kuma rabin masu turin sun tuna suna da aiki a gona.

A ƙofar gida suka tarar da Dokas, hannu a ƙugu.

"Malam Nababa, jiya da ƙafarta motar nan ta shigo garin nan."

"Da ƙafarta, amma ba da tarbiyya ba, Maman Joel."

"Ni tarbiyyarta zan hau ranar Asabar?"

"Saura ƙiris. Kin ji ƙarar nan? Tsohuwar cuta ce take fita."

"Ta fita da kajina uku, har yanzu ba su sauko ba." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma, Baban Joel, aka ce maka Juma'a, Bagwai. Wane ɓangaren ne bai shiga kunnenka ba?"

Zachariah ya ce dubawa kawai aka yi.

Juma'a da safe motar da za a kai Bagwai ba ta iya kai kanta bakin tsamiya. Zachariah ya kira Basiru a waya. Basiru ya ce shi ba ya fita aiki ran Juma'a, gobe kuma Kano za shi, amma me aka taɓa? Nababa ya karɓe wayar ya yi masa bayanin wa da ƙane, ya ƙara da cewa irinsu ne suke lalata injunan mutane saboda ba su girma a gaban manya ba. Aka ji Basiru yana kiran yaran garejinsa su zo su ji, sannan wayar ta katse.

"Ya ji kunya," in ji Nababa.

Ya zauna kan turmi ya yi tunani, sai ya tashi da sabuwar dabara. Ya ce ya gane inda matsalar take. Fulogai huɗu kamar mata huɗu ne a turmi ɗaya suna lugude. Ya jera su daidai, amma ba su da kiɗan da za su bi. A Ƙofar Ruwa akwai na'ura mai walƙiya da ake saita taimin da ita, amma wannan ta kurame ce. Shi abin da yake bukata kiɗa ne tsayayye, ya riƙa juya distiribita har bugun inji ya hau kan bugun kiɗan. Kuma ga zumuntar mata da tulunansu.

Dokas ta ce Allah ya kiyaye. Daga baya ta tuna da tifa, ta kuma tuna dama yau ce ranar gwajin waƙa ta ƙarshe. Ta aika a kira matan zumunta.

Saura batir. Nababa ya je ya samu Malam Kamaruddeen ladan, ya roƙi aron batirin lasifikar masallaci, ya ce kafin a yi alwala ya dawo da shi. Ladan ya biyo batirinsa ya tsaya a kansa.

Mata suka zauna da'ira a gaban motar, kowace da tulunta tsakanin gwiwoyi da ɗan soson da ake bugun bakinsa. Dorathy ce ke riƙe da uwar tulu, babba mai zurfin murya, wanda ya girmi yawancin matan. Dokas ta ɗaga waƙa, tuluna suka ɗauka, kiɗa ya zauna daram. Nababa ya kwance notin da ke riƙe distiribita, ya jefa a aljihu, ya kama tukunyar da hannu biyu.

"Murɗa, Baban Joel! Mata, kada ku sassauta!"

Ya juya hagu, injin ya yi tari. Ya juya dama, ya yi gyatsa. Ya koma tsakiya, sai ga shi ya kama, a kan fulogi na ɗaya kaɗai, wanda shi ne bai canja wuri ba. Motar duka ta ɗauki rawa. Bugun yana zuwa kamar tafiyar gurgu: dum, shiru, shiru, fas, dum, shiru, fas.

"Ya ji kiɗa!" in ji Nababa. "Ku riƙe shi!"

Amma matan zumunta masu kunne ne, sun saba bin duk wanda ya fi ƙarfin murya. A hankali hannuwansu suka bar waƙar suka bi injin. Dum, shiru, shiru, fas. Dokas tana tafi tana jawo su, suna komawa. Har ita ma ta ji ƙafarta tana ɗingisawa.

"Ku ne za ku ja shi, ba shi zai ja ku ba!" Nababa ya sunkuya ya cire murfin kafireto, inda fetur ke bi ya shiga inji, don ya ji da kyau, ya kara fuskarsa, ya ƙara juya distiribita ɗan kaɗan.

Harshen wuta ya fito ta kafireto, shuɗi mai kyau, ya lashi gefen fuskarsa na dama. A lokaci guda salansa ta harba. Dorathy ta zabura ta miƙe, uwar tulu ta mirgina ta daki taya ta rabe biyu. Injin ya mutu. Can cikin gari aka ji Sha'aban yana tambaya ko su ne kuma.

Nababa ya ɗago. Gemunsa na dama da girar dama sun tafi, wurin yana hayaƙi.

"Malam," in ji Kulu, "gefe ɗaya ne ya ƙone. In kawo ashana a daidaita?"

"Ke ba ki san aikin inji ba."

"Na san warin babbaka."

Dorathy ta zauna tana haɗa ɓarayin tulun tana kuka. Dokas ta sa aka sake ɗaga waƙar don a ga abin da ya rage. Ana zuwa amshi sai tuluna suka ce dum, shiru, shiru, fas. Aka sake, haka. Ladan ya kwance batirinsa, wanda murɗa makulli ya riga ya cinye wa caji, ya tafi da shi a kafaɗa, ranar nan kuwa da baki ya kira salla.

"Saura ƙiris," in ji Nababa, ga wanda ya rage a wurin, wato Baba Shago.

Asabar da sassafe matan suka fito cikin anko, fari da shuɗi, suka tsaya kusa da motar. Ba a daɗe ba tifa ta iso, ta tsaya da huci. Charity ta leƙo ta taga.

"Yaya Dokas, mun ji labari har Tsaunin Ƙirya. An ce yaƙi aka yi a garinku. Ku hau, na sa an bar muku yashi mai laushi."

"Mun gode. Motarmu tana ɗumi ne."

"Ai na ga ɗumin a fuskar injiniyanku. To, sai kun iso."

Tifa ta wuce. Matan suka dubi Dokas. Dokas ta dubi Nababa irin kallon da ya sa ya matsa bayan mota, daga can ya gabatar da dabararsa ta uku. Shanun Baba Shago za su ja motar. Kafin a kai babban cocin da ake taron akwai gangare a bayan lambun mangwaro, inda ba mai ganinsu. A nan za a kwance shanu, motar ta gangara, ya saki kuloci, ta tashi, su shiga harabar coci da ƙarar injinsu. Jiya ai kowa ya ga ta tashi.

Baba Shago ya ce zai ba da shanu kyauta, don bai ga abin da zai hana shi ganin ƙarshen wannan ba. Zachariah ya ce taron na mata ne, ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Saboda haka Nababa ya zauna a sitiyari, yana cewa dama ya fi so kunnensa ya kasance kusa da inji. Ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa tuƙi.

Aka ɗaura igiya daga karkiyar shanu zuwa bamba. Dokas ta zauna gaba, mata da tuluna a baya, Baba Shago a ƙasa da sandarsa yana kora. Suka kama hanya. Wani mai kura ɗauke da jarkokin ruwa ya wuce su. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta yi tafiya tare da su, ta sayar wa mata uku, ta yi sallama ta wuce gaba. A kowane ƙauye yara da manya suka fito, Nababa yana ɗaga musu hannu ta taga yana cewa gwajin birki ake yi.

Rana ta yi sama sosai kafin su kai lambun mangwaro. Daga nan ana jin lasifikar coci, ana kiran sunayen ƙungiyoyi. Baba Shago ya tsayar da shanu a kan gangaren, ya zagayo zai kwance igiya.

"Taka birki in kwance," ya ce.

Nababa ya taka sau ɗaya. Motar ta ci gaba da gangarawa, igiya ta yi sako-sako. Da ya ga igiya a ƙasa sai ya ɗauka an kwance. Ya murɗa makulli, ya danna giya da ƙarfi, ya saki kuloci.

Harbin ya tashi daidai bayan shanun. Shanun Baba Shago ba su taɓa gudu ba tun da aka sa musu karkiya, amma ranar sun tuna yadda ake yi. Igiya ta miƙe, mata suka zube kan juna, motar ta bi shanu ƙasa da gudun da ba ta yi ba tun tana jigilar wake. Baba Shago ya tsaya shi kaɗai a kan hanya da sanda a hannu.

Suka shiga ƙofar coci, shanu a gaba, mota a baya tana harbi, mata suna kiran sunan Yesu, Nababa yana salati yana juya sitiyari duk inda shanu suka riga suka juya. Jama'a suka dare. Mai sanarwa ta ce, "Muna maraba da zumuntar Unguwar Gam..." ta jefar da makirfo ta haye benci. Suka zagaya filin, suka bi ta tsakanin tukwanen girki, suka sake zagayowa. A ƙarshe shanun suka ga baho cike da ruwan wanke shinkafa a gindin tifar Charity, suka tsaya cak suka kafa kai.

Dokas ta buɗe ƙofa ta sauko, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Mun zo da motarmu," ta ce.

"Mun gani, Yaya Dokas," in ji Charity. "Me take sha, harawa ko dusa?"

Nababa ya fito ya yi wa jama'a bayani cewa injin ne ya turo shanun, su rakiya kawai suka yi, kuma duk mai mota a nan ya neme shi a gindin tsamiya. Direban tifa ya ce to ya tayar da ita a gani. Nababa ya ce batir ne ba shi da ƙarfi, ban da haka da sun sha mamaki.

Aka natsa, aka ci gaba da gasa. Da aka zo kan Unguwar Gamji, matan suka jeru a gaba ba uwar tulu. Dokas ta karɓi makirfo ta ɗaga baitin farko, muryarta ta fita tsaf, har alƙalan gasa suka ɗago kai. Tuluna suka shigo daidai. Baiti na biyu ma daidai. Dokas ta fara jin ƙila abin zai yiwu.

Nababa, a can gindin tifa, ya ji kiɗan ya zauna, irin wanda ya nema jiya bai samu ba. Ya duba ya ga wayar lasifika ta bi ta bayan rumfa ta ƙare a kan wani batir sabo fil. Ya ce a ransa aro ne na ɗan lokaci.

Dokas ta ja numfashi za ta hau baitin da ta fi ji da shi, sai muryarta ta ɓace daga lasifika. Ta bubbuga makirfo. Matan suka rikice, hannuwansu suka koma inda suka saba tun jiya: dum, shiru, shiru, fas. A daidai fas ɗin motar ta amsa daga bayan taro, da harbin da ya fi duk na baya. Salansa ta cire ta yi sama ta faɗa cikin tukunyar miya. Shanun, waɗanda ba wanda ya tuna ya kwance, suka ɗago kai daga baho suka nufi ƙofa. Jama'a suka ga a-kori-kura ta fita da bonet a buɗe tokare da taɓarya, Nababa a ciki ba ya ganin gabansa, ya leƙo da rabin gemu ta taga yana cewa a ba shi hanya. Batirin coci ya tafi tare da shi.

Sauran gasar da baki aka yi ta. Tsaunin Ƙirya suka zo na ɗaya. Alƙalan suka ce wa Unguwar Gamji su ƙara ƙoƙari a wajen kiɗa.

Da yamma Dokas ta tsaya ta dubi tifa, ta dubi hanyar gida, ta dubi Dorathy da ke ɗingishi tun zagayen fili. Ta tattare zane ta kama ƙarfe ta hau. Charity ta miƙo mata tsintsiya ta taga.

Sun wuce lambun mangwaro kaɗan suka hango motar a cikin yashin wani busasshen rafi, ta nutse har rabin taya. Shanu suna kiwo a gefe, Baba Shago yana zaune a inuwa yana cin mangwaron wani. Nababa ya shige ƙarƙashin bonet har ƙugu. Charity ta sa direba ya rage gudu don kowa ya gani.

Nababa ya jiyo tifa ya leƙo.

"Maman Joel! Na gano shi! Na biyu ne, ya daɗe ana danne shi, yanzu da aka ba shi girma ya rasa yadda zai yi da shi. Saura ƙiris!"

Dokas ta buga rufin tifa ta ce a tsaya. Ta sauko, ta taka yashi har wurin motar. Nababa ya koma ciki yana nuna mata wayar da yake nufi. Ta kwance batirin coci ta miƙa wa Dorathy. Sannan ta kama taɓaryar Kulu da hannu biyu ta zare, bonet ya rufo a kansa. Ta saɓa taɓaryar a kafaɗa, ta koma ta hau kan yashin tifa, ta ce wa direba su tafi.